Wa Ya Ɗura Bindigar Lukuman?

Ranar Litinin da hantsi aka shigo gari da gawar Lukuman maharbi, a kan ƙyauren da aka ɓalle daga wata bukkar gona. A bayan gawar wani yana riƙe da bindigarsa gida biyu, ƙota a hannun dama, bututu a hagu, gindin bututun ya tsage ya buɗe kamar ɓawon ayaba. Sabuwa ce dal, ranar ya fara fita da ita. Harbin farko ta fashe masa a fuska.

Wannan a shekarar 1978 ne, lokacin da garinmu ke koyon amsa sunan Suleja, bayan gwamnati ta ɗauki tsohon sunanmu na Abuja ta kai wa birnin da take shirin ginawa. Mutanenmu kuwa Allah ya hore musu saurin yanke hukunci. Kafin a gama haƙa kabari kowa ya san mai laifi, domin a jikin ƙotar akwai tambarin Gwadabe maƙeri. Sai ga magana ta ɓullo, ba wanda ya san bakin da ta fara fitowa, wai Gwadabe ya daina neman ƙarfen sitiyarin mota mai kauri, da bututun famfo yake ƙera wa mutane ajalinsu. Shekara talatin yana ƙera bindiga, ba wadda ta taɓa cin mai ita, amma ranar ba a samu mai tuna wannan ba. Da la'asar matasa suka yi wa maƙerarsa ruwan duwatsu, suka farke zuga-zugi, 'yan sanda suka zo suka tisa ƙeyarsa. Aka ce ran Alhamis da azahar mota za ta kai shi Minna a tuhume shi da kisa.

Washegari Sailuba, matar Gwadabe, ta yi sallama a gidan Nata'ala.

Nata'ala tsohon mai bin sawu ne. Zamanin 'yan doka shi ake kira in an kore shanu ko an fasa rumbu, ya bi ɓarawo kwana biyu a daji har ya faɗa maka inda ya tsaya ya sha ruwa. Da aka rushe 'yan doka ya koma noman rogo. Mutum ne mai wuyar sha'ani, in kana masa magana ba fuskarka yake kallo ba, ƙafafunka yake kallo, har ka tsargu ka fara gyara tsayuwa.

"Malam Nata'ala," in ji Sailuba, "in suka kai shi Minna ba zai dawo ba. Ka san ciwon ƙirjinsa."

"Ni sawu nake bi, Sailuba. Bindiga ba ta da ƙafa."

"Wanda ya ɗauke ta yana da ita."

Nata'ala ya miƙa hannu ya jawo sandarsa.

* * *

Mai kula da maganar a caji ofis Sajan Adebayo ne, Bayarabe da ya daɗe a Arewa har Hausa ta zauna a bakinsa. Ba mugu ba ne, amma yana son aikin da ya ƙare ya tsaya a ƙararre.

"Baba, ai magana ta mutu. Bindiga ta fashe, tambarin maƙeri na jiki. Me kuma za ka bi?"

"Bari dai in ga ƙarfen."

Aka ɗauko. Nata'ala ya jinjina nauyinsa, ya ƙwanƙwasa shi a siminti ya saurari amonsa, ya zura yatsa ta wurin da ya tsage don ya ji kaurinsa, sannan ya goge yatsan a gefen farar rigarsa.

"Wannan ba bututun famfo ba ne, Sajan. Na famfo yana da ɗinki daga sama har ƙasa. Wannan sitiyarin Landiroba ne."

"To, ƙarfe mai kyau, aiki mara kyau. Wurin alƙali duk ɗaya ne."

Gwadabe yana zaune a kusurwar ɗakin tsaro, goshinsa ya kumbura inda dutse ya same shi. Da ya ga Nata'ala bai yi kuka ba, bai yi rantsuwa ba, sai ya shiga bayani kamar mai koya wa wani sana'a.

"Na ɗaure ta a jikin ɗorawar bayan gidana. Na yi mata ɗuri ninki biyu, na ɓuya bayan katanga na ja kunama da igiya. Sau uku. Ko gezau ba ta yi ba. Kowace bindiga haka nake mata kafin ta bar hannuna. Sannan na wanke cikinta da ruwan zafi, na shafe da man gyaɗa, na miƙa masa ran Asabar babu komai a ciki."

"Wa ya ɗura ta?"

"Ai ka san al'ada. Ɗurin fari na Sarkin Baka ne."

Al'adar maharbanmu ce tun kakanni: sabuwar bindiga mai ita ba ya fara zuba mata albarushi da hannunsa. Shugaban maharba ne zai tuɓe takalmi a gindin wata tsohuwar tsamiya da ke bayan gari, ya ɗura da addu'a, sannan ya miƙa.

"Wa ke son ganin bayanka a garin nan?" in ji Nata'ala.

"Salisu mai kanti. Muddin ina ƙera ta gida a kuɗin akuya ɗaya, wa zai sayi tasa ta Ingila a kuɗin saniya?"

* * *

Sarkin Baka Bamalli yana zaune a kan tabarmar karɓar gaisuwa a ƙofar gidan mamacin. Lukuman ɗan ƙanensa ne, shi ya riƙe shi tun yana shekara huɗu, shi ya koya masa daji, shi ya yi masa aure. Cikin kwana ɗaya tsohon ya zabge, idanunsa sun yi jawur. Shi da Nata'ala abokai ne tun na ƙuruciya, don haka bayan gaisuwa suka koma gefe.

"Kai ka yi masa ɗurin fari?"

"Bai jira ni ba," in ji Bamalli. "Na ce masa ya bari sai Laraba, ya yi gaban kansa. Yaran yanzu wa ke jin magana?"

"Ran Litinin da sassafe kana ina?"

"Ina gida. Nata'ala, kai ma ka shiga wannan maganar? Bar gwamnati ta yi aikinta mana."

"Kana ganin Gwadabe ya yi ha'inci?"

Bamalli ya kawar da kai. "Ni ban ce ba. Ƙaddara ce ta faɗa wa kowa."

A duk zaman makokin nan shi kaɗai ne bai zagi Gwadabe ba, alhali shi ya fi kowa rashi. Nata'ala ya ɗauki wannan a matsayin dattako, ya yi masa sallama ya wuce.

* * *

Kantin Salisu yana daura da tasha. Bakano ne, cikin waɗanda suka kwararo mana tun da aka ji ƙamshin sabon birni. Yana sayar da fitilu da rediyo da agogo, a can ciki kuma, bayan gilashi, bindigogin Ingila uku suna jingine suna sheƙi. Allah ya ba shi baki, bai ba shi linzami ba. A watan da ya wuce, ranar kasuwa, a gaban Sarkin Baka da yaransa ya ce bindigar gida tari take yi, ta Ingila ce ke magana, ya kira tasu harba-ka-ruga, 'yan kallo suka yi ta dariya. Tun daga ranar samarin maharba huɗu suka sayar da dabbobinsu suka zo wurinsa.

"Na faɗa musu, Baba," ya ce da Nata'ala tun kafin ya zauna. "Na ce wata rana abin nan zai ci mutum. Ƙarfen da aka ƙera a bukka ana fifita wuta da fatar akuya, ina zai haɗu da wanda injin Turawa ya yi?"

"Na ji biyu cikin waɗanda ka sayar kunamarsu ta karye, Gwadabe ya gyara. Na ji ta uku da damina sai an ja sau biyu take tashi."

"Wannan rashin iya riƙo ne."

"Ran Litinin da safe kana ina?"

"Ina nan, a tambayi 'yan tasha. Kuma ni ban ba kowa harsashi ba sai mai lasin."

"Ban tambaye ka harsashi ba, Salisu."

Salisu ya shiga goge gilashin da ba shi da datti. Nata'ala yana kallon ƙafafunsa: takalmi ne sau-ciki irin na 'yan aikin hanya, ƙasansa da zane mai haƙora.

* * *

Ran Laraba bayan asuba Nata'ala ya kama hanyar Izom, wadda aka biyo da gawar. An yi ruwa mai yawa ran Lahadi, daga nan sama ba ta ƙara zubarwa ba, don haka ƙasa ta riƙe duk abin da aka rubuta mata. Inda Lukuman ya faɗi kuwa masu ɗaukar gawa sun tattake shi kamar masussuka. Sai da ya zagaya waje-waje ya tsinci sawun takalmi mai haƙora. Ya ce a ransa yau Salisu ya shiga hannu.

Ya bi sawun nan kusan sa'a guda, ta cikin ciyawa, ta gefen rafi, gwiwa na masa ciwo. Sawu ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama uku, suka kai shi ga wani turke da aka shafa wa jan fenti. 'Yan safiyo ne masu awon hanya. Duk wanda ya ci albashin gwamnati a shekarar nan irin takalmin yake sawa. Nata'ala ya yi tsaki, ya zagi kansa da tsufa, ya juyo.

A kan hanyar dawowa ya haɗu da matar da ta fara yin kururuwa ran Litinin. Sunanta Asibi, Bagwariya ce, gonarta na nan kusa, ta ɗauko itace a kafaɗa. Kowa ya tambaye ta inda gawa take, ba wanda ya tambaye ta abin da ta gani.

"Na gan shi," ta ce, bayan ta sauke kayan. "Ina cire doya, shi yana can gindin gawo. Ya durƙusa, ya nuna wa mazo bindiga. Sai ƙara, kau! Ya faɗi ta baya, hularsa ta yi can."

"Kin ga faɗuwarsa da idonki?"

"Sarai, Baba."

"Ta cikin hayaƙi?"

"Wane hayaƙi? Babu hayaƙi. Shi ya sa da farko na ce tsawa ce. Maigidana yana da irin bindigar nan. In ya harba sai ya jira hayaƙi ya tafi kafin ya san ko ya samu, ya dawo gida yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan ko wari babu."

Nata'ala ya sunkuya ya kama gefen rigarsa, inda ya goge yatsa jiya bayan ya zura shi cikin fasasshen bututun. Albarushin gida ko sau ɗaya aka harba sai ya bar baƙi kamar gindin tukunya. Rigar fara ce tas.

Ya koma gindin gawon ya nemo sawun Lukuman, takalmin taya mai ɗan cin diddige, ya bi shi da baya, wato daga inda ya mutu zuwa inda ya fito. Sawun bai nufi gida kai tsaye ba. Ya ratse ta wata 'yar hanya da ba mai bi sai maharba, ya kai shi gindin tsohuwar tsamiya.

A nan ƙasa ta faɗa masa sauran. Ga ɗan rami zagayayye inda aka kafa gindin bindiga ana danna mata ɗuri. Ga sawun Lukuman a gefe, ya tsaya cak kamar mai jira. Cikin yashi ga ƙwayoyin dalma sun warwatse, ƙanana, girmansu ɗaya kamar gero, irin da ba maƙerin da ke iya zubawa. A ƙarƙashin saiwa an cusa jajayen kwalaye uku na harsashin Ingila, an farke bakinsu da wuƙa. A gaban ramin kuma ga sawun mutum na biyu, ba takalmi.

Bai nemi kowa ya faɗa masa mai shi ba. Ya zauna a kan saiwar tsamiya har rana ta take, baƙin ciki ya cika masa ciki, ya yi ta fatan a ce idonsa ne ya lalace. Daga bisani ya samo wani tsohon kasko ya kife a kan sawun, ya ɗora dutse.

* * *

Sajan Adebayo ya yarda ne kawai don mota ba za ta tashi ba sai azahar. Ran Alhamis da hantsi ya zo gindin tsamiya da Gwadabe, ankwa a hannu. Aka kira Salisu, aka kira Asibi, Sarkin Baka ya zo da maharbansa, sauran gari kuwa ba sai an gayyace su ba. Nata'ala ya ja layi da sandarsa ya ce kada wanda ya ƙetare.

Ya sa wani maharbi ya harba bindigar gida sama. Ta yi ruri, farin hayaƙi ya turnuƙe wurin, mutane suka shiga tari. Ya naɗa farin ƙyalle a sanda ya zura a cikinta, ya fito baƙi ƙirin. Ya naɗa wani ya zura a bututun Lukuman, ya ɗaga kowa ya gani. Ɗan maiƙo ne kawai a jiki.

"Asibi, faɗa musu abin da kika faɗa mini."

Ta faɗa, ba ƙari ba ragi.

"To kun ji," in ji Nata'ala. "Abin da ya tashi a cikin bindigar nan ba albarushinmu ba ne. Garin da ke cikin harsashin Ingila ne, wanda ba ya hayaƙi. Shi ɗan kaɗan Bature ke aunawa ya rufe a kwali, don ƙarfinsa ya ninka namu nesa ba kusa ba. In ka zuba shi da awon namu, ko wa ya ƙera bindigar sai ta fashe." Ya buɗe tafin hannunsa, ga jajayen kwalaye uku. "A nan na tsince su. Mutum ɗaya ke sayar da irinsu a garin nan."

Taron ya juya kan Salisu gaba ɗaya. Bakunan da suka zagi Gwadabe ran Litinin su ne suka fara cewa dama sun faɗa, baƙon nan ba alheri ya kawo shi ba. Wani har ya sunkuya neman dutse, sai da Sajan ya daka tsawa.

Salisu ya jiƙe da gumi. "Wallahi ban taɓa bindigar nan ba! Ko hanyar wurin nan ban sani ba. Kyauta na bayar, ran Juma'a, guda uku. Ya ce haɗin magani zai yi da su. Na san ba shi da lasin, shi ya sa na ɓoye."

"Wa ka ba?" in ji Sajan.

Salisu ya buɗe baki, ya dubi maharban da ke tsaye da bindigogi, ya rufe.

"Bar shi, Sajan," in ji Nata'ala. "Ya yi laifinsa, amma ba shi ya ɗura ba. Wanda ya ɗura ya tuɓe takalmi."

Ya ɗauke dutsen, ya ɗaga kaskon.

"Ƙafar hagu ce. Babu ƙaramin yatsa. Tarko ne ya cinye shi a dajin Tafa, shekara arba'in da wani abu. Ni na buɗe tarkon da hannuna."

Ba wanda ya ambaci suna. Duk masallacin Juma'a an san wannan ƙafar. Idanu suka sauka ƙasa, suka tsaya a kan takalmin Sarkin Baka.

Bamalli ya miƙa wa na kusa da shi sandarsa. Ya sunkuya a hankali ya zare takalmin hagu, ya tako ya ƙetare layin, ya sa ƙafarsa a gefen sawun.

"Ni ne," ya ce.

Wani cikin yaransa ya ce, "Sarki!" Bamalli ya ɗaga masa hannu.

"Tun ranar da Salisun nan ya yi mana dariya a kasuwa ban ƙara barcin kirki ba. Ina gani yarana suna sayar da awakinsu suna bin bindigar kanti. Na ce a raina, ƙarfen Gwadabe bai gaza na kowa ba, sirrin Bature a garin yake. Na ce in ɗana ya kayar da mazo daga nesa da bindigar gida, na rufe bakin Salisu har abada." Ya nuna ɗan ramin da ke ƙasa. "Na farke uku na zuba. Na saka sandar ɗuri, na auna abin da ya yi saura a waje, yatsa uku cif, yadda ubana ya koya mini, yadda na yi wa bindiga fiye da ɗari. Ban ƙara ko ƙwaya ba. Na yi addu'a na miƙa masa. Har ya ce, Baba, yau ɗurin ya yi maka sauƙin dannawa."

"Ka faɗa masa abin da ka zuba?" in ji Sajan.

"Na so ya dawo da nama tukuna."

Nata'ala bai ɗago kai ba. "Wannan kuskure ne, Bamalli, kowa ya ji. Amma kwana uku mutum yana kulle, yau za a kai shi Minna. Me ya hana ka magana?"

"Kullum da niyyar faɗa nake tashi. Sai in zo ƙofar gidan in ji kukan Lauratu, matarsa. Ta yaya zan shiga in ce mata ni ne? Ni da na goya shi?"

Nan tsohon ya durƙushe ya fashe da kuka, irin kukan da ba a so a ga babba yana yi. Ni dai ban ga wanda ya ji daɗin gaskiyar nan ba, har waɗanda suka zo don kallo.

Sajan Adebayo ya ciro makulli ya buɗe ankwar Gwadabe. Ya dubi Bamalli, ya dubi ankwar, sai ya zura ta a aljihu, ya ce shi da Salisu su biyo shi a ƙafa. Gwadabe yana murza wuyan hannunsa. Da za a wuce da Sarkin Baka ta gabansa, tsohon ya tsaya.

"Gwadabe, ka yafe mini."

Gwadabe ya dube shi.

"Da ran Litinin ka faɗa, Sarki, da ni zan fara zuwa yi maka ta'aziyya."

Aka wuce da su.

* * *

Sailuba ta kama hannun rigar mijinta ta ce su tafi gida, ta dafa ruwan wanka. Ya ce ta yi gaba, akwai inda zai biya. Nata'ala ya bi bayansa, mutane suka biyo su nesa-nesa.

Gidan Lukuman Gwadabe ya nufa. Tabarmin makoki suna nan a shimfiɗe, labari kuma ya riga shi isowa. Cikin masu zaman akwai waɗanda suka jefi maƙerarsa, ya san su, sun san ya san su. Suka dinga matsawa suna ba shi wuri fiye da yadda mutum ɗaya ke bukata. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa, da kumburarren goshinsa da rigar da ya kwana uku a cikinta, ya ɗaga hannu ya yi wa mamaci addu'a. Aka shafa.

Sannan ya juya wajen da mai karɓar gaisuwa ke zama. Ba kowa a wurin, sai buzun Sarkin Baka da butarsa.

"Ya haƙuri?" in ji Gwadabe.

Ba a samu mai amsawa ba. Wannan ya dubi wancan, wancan ya dubi tabarma.

Sai daga bayan ƙyauren zaure, inda take zaman takaba, muryar Lauratu ta fito, a dushe saboda kuka.

"Da godiya, Baba Gwadabe. Shi ma yana yaba aikinka har ranar da ya fita." Ta ɗan tsaya. "Don Allah wani ya ba shi ruwa. Kwana uku bai sha na gida ba."